Yadda ake kayar da bosawa a Elden Ring da ire-irensa

Duk wanda ya buga gem ɗin bidiyo na Elden Ring ya san siririyar hanyar nan ta bakin fadar Stormveil. Nan Margit, ɗaya daga cikin bosawa, wato manyan abokan gaba na wasan, yake tare mutane, nan ne kuma sababbin 'yan wasa da yawa suke fara sarewa. Mutum ya ratsa ƙofar hazo da ke kai shi fagen bos, ya kai sara biyu, a dandaƙa shi da sanda, ya farfaɗo a wurin hutawa, ya koma, a sake maimaita masa. Sau goma, sau ashirin. Daga nan sai ya yanke wa kansa hukunci cewa hannunsa ne ba shi da sauri. Yawanci ba nan gizo ke saƙar ba. Bosawan da kamfanin FromSoftware na ƙasar Japan yake ƙerawa, tun daga Demon's Souls na 2009 da Dark Souls na 2011 har zuwa Elden Ring da ya fito a watan Fabrairun 2022, a kan tsari aka gina su. Kowane sara yana da alamar da take riga shi zuwa, yana da lokacin saukarsa, yana kuma barin 'yar kafa a bayansa. Wanda ya shigo da shirinsa, ya haƙura ya karanci wannan tsarin, zai wuce ko da hannunsa mai nauyi ne. Misalan nan galibinsu daga Elden Ring suke, amma dabarun suna aiki a sauran 'yan gidansu.

Abin da za ka gyara tun kafin ƙofar hazo

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rabin faɗan ana cin sa ne ko a faɗi tun ba a ga fuskar bos ba, kuma abu huɗu ne suke yanke wannan: yawan jininka, ƙarfin makaminka, kwalaben maganinka, da nauyin kayan jikinka.

Fara da jini. Sabon ɗan wasa yakan zuba duk abin da ya tara a Strength (ƙarfi) ko Dexterity (ƙwarewar hannu) don yana so saransa ya yi zafi, ya bar Vigor, mai ƙara yawan jini, a inda ya same ta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane kashe mutane. Da Vigor 10 jininka 414 ne kacal, sara biyu ko uku na Margit sun gama da kai. A 20 ya kai 652, a 40 ya kai 1,450, a 60 kuma 1,900. Bayan 60 ƙarin da ake samu bai taka kara ya karya ba. Ka nemi kai ta 20 ko 25 kafin Margit da Godrick, 40 kafin ka shiga babban birnin Leyndell, 60 a ƙarshen wasa. Dalilin ba wai don ka zama dutse ba ne. Wanda yake iya shan duka huɗu yana ganin faɗan na minti biyu ya koyi wani abu, wanda duka biyu ke kashewa kuwa ba ya ganin komai sai allon mutuwa.

Zafin sara kuma daga maƙeri yake fitowa, musamman a farkon wasa. Ɗaga makami mataki ɗaya ya fi maka amfani a kan ƙara maki biyu ko uku a Strength. Makamai na yau da kullum suna hawa har +25 da duwatsun Smithing Stone, na musamman kuma har +10 da Somber Smithing Stone. Daga sifiri zuwa +3 kana buƙatar duwatsu 12 na rukunin farko: biyu, sannan huɗu, sannan shida. Za ka same su a ramin haƙar ma'adinai na Limgrave Tunnels, kuma teburin ƙira da ke Church of Elleh yana kai ka +3. Abin da ya wuce haka ka je wurin maƙeri Hewg a Roundtable Hold. Ka zaɓi makami ɗaya ka tsaya a kansa. Raba duwatsu tsakanin takubba uku yana barin ka da takubba uku marasa kaifi. In kana neman abin dogaro tun da wuri, Bloodhound's Fang yana nan a hannun Darriwil a kudancin Limgrave, yana neman Strength 18 da Dexterity 17. Ka tuna riƙe makami da hannu biyu yana ƙara rabin Strength ɗinka a kan wanda kake da shi, don haka mai 12 ma zai iya ɗaukarsa da hannu biyu.

Kwalaben magani abu biyu ne ke inganta su. Golden Seed, da ake tsinta a gindin ƙananan bishiyoyi masu hasken zinare, yana ƙara yawansu har zuwa 14, sai dai da tafiya ta yi nisa kwalba ɗaya takan ci iri biyu, uku, har biyar. Sacred Tear, da ake samu a rusassun majami'u, yana ƙara yawan jinin da kurɓi ɗaya yake mayarwa. Yankin Weeping Peninsula da ke kudu da Limgrave yana da irin waɗannan majami'u uku, abokan gabar wurin kuma masu sauƙi ne. Duk wanda Margit ya tare, can ya kamata ya nufa. A hanya ka biya Third Church of Marika ka ɗauki Flask of Wondrous Physick, kwalbar da kake haɗa sinadari biyu a cikinta gwargwadon faɗan da ke gabanka. In ba ka amfani da tsafi sosai, mayar da kusan duka kwalabenka jajaye, masu mayar da jini, a wurin hutawa, ka bar shuɗiya ta tsafi ɗaya ko ma babu.

Nauyi kuwa lissafinsa a fili yake. Ƙasa da kashi 30 cikin ɗari na abin da kake iya ɗauka, birgimarka mai nisa ce. Daga 30 zuwa ƙasa da 70 matsakaiciya ce, ita ce kuma ta wadatar da kusan kowa. Da ka haura 70 sai ka riƙa faɗuwa tim kamar buhu, ka daɗe ba ka miƙe ba. Mutane da yawa suna cikin wannan halin ba su sani ba, saboda makaman da suka jera a gurabun hannu duk ana lissafa nauyinsu ko ba a riƙe da su. Sauke abin da ba ka amfani da shi. In har yanzu ka yi nauyi, cire kwalkwali ko safar hannu, ko ka ƙara Endurance, mai ƙara nauyin da kake iya ɗauka.

Abu na ƙarshe kafin ka shiga: kashe runes ɗinka, wato kuɗin wasan da suke zubewa a inda ka mutu. Hau mataki, sayi abin saye, ka shiga hannu rabbana. Mai runes dubu ashirin a ƙasa cikin fagen bos ba faɗa yake yi ba, hankalinsa yana kan inda suka zube, kuma in ya mutu kafin ya ɗauka sun tafi ke nan.

Shigar farko ta kallo ce

Ka ware shiga biyar na farko ka ce ba nasara ka zo nema ba. Kada ka kai sara ko ɗaya. Riƙe garkuwa mai tare dukan ƙarfe ɗari bisa ɗari, irin Heater Shield ko Brass Shield, ka tsaya a matsakaicin nisa ka zuba ido. Abin da kake nema uku ne: wace alama ce take zuwa kafin kowane hari, sara nawa ne a jere, kuma bayan wanne yake tsayawa ya numfasa. Kafaɗa da hannun da ke riƙe da makami ake kallo, ba layin jinin da ke ƙasan allo ba. Kunne ma yana aiki, domin hare-hare da dama suna da ƙara ko kururuwar da take sanar da su.

Ɗauki Margit. Yakan ɗaga sandarsa sama ya riƙe ta, ya riƙe, har sai ka ƙosa ka yi birgima, sannan ya sauke ta daidai lokacin da kake miƙewa. In ka ja da baya da nisa, sai ya jefo wuƙaƙen haske. In ka daɗe a bayansa, jela ce za ta share ka. Da ya rasa kamar sulusin jininsa ko sama da haka kaɗan, sai ya fito da gudumar haske, ya riƙa tsalle sama yana dirowa da ita. Wannan dirar ita ce babbar kyautar da yake bayarwa: ka jira har ya fara gangarowa, ka mirgina, ka samu sara biyu cikin kwanciyar hankali. Ga kuma ramin da ke gefen hanyar, wanda ya kashe mutane da dama da Margit bai ko taɓa ba. Wanda ya san waɗannan abubuwa biyar ya riga ya san yawancin faɗan.

Bayan kowace mutuwa ka tambayi kanka tambaya ɗaya: wane hari ne ya kashe ni, kuma me nake yi a lokacin? In ba ka da amsa, wannan shigar ta tafi a banza. PlayStation da Xbox duk suna iya adana bidiyon abin da ya faru a 'yan mintunan baya. Kallon sakan talatin na ƙarshe sau biyu yakan nuna maka abin da shiga goma ba su nuna ba.

Birgima, da abin da ke ɓata ta

Birgima ba gudu ba ce. A farkonta akwai ɗan lokaci, bai kai rabin sakan ba, da makami zai ratsa jikinka bai yi maka komai ba. Aikinka shi ne ka haɗa wannan ɗan lokacin da saukar saran. Saboda haka mirginawa zuwa cikin saran, wato ka nufi gefen da makamin yake tahowa, ta fi ja da baya. In ka shiga cikinsa, kai da makamin kuna wuce juna da sauri, ka kuma tashi a gefen bos ko bayansa inda za ka rama. In ka ja baya, kana nan a kan layin makamin, sara na biyu zai tarar da kai, kuma ko ka tsira ka yi nisa da kafar da ta buɗe.

Akwai wani abu da ba kowa ya lura da shi ba. Maɓallin birgima shi ne na gudu, da'ira a PlayStation, B a Xbox. Don haka birgimar ba ta fita sai ka saki maɓallin, ba lokacin da ka danna ba. Mai danna shi da nauyi kullum a makare yake. Taɓa shi za ka yi ka ɗauke yatsa.

Babbar cutar kuwa ita ce birgimar firgita, wato danna maɓalli sau uku ko huɗu a jere da zarar bos ya motsa. Gem ɗin yana ajiye dannawar da ka yi kana tsakiyar wani motsi ya aiwatar da ita daga baya, sai ka ga mutuminka yana birgimar da ba ka so ba, kuzarinsa ya ƙare, sara ya same shi a ƙarshen ta biyu. Bosawan Elden Ring da gangan aka yi masu saran jinkiri don kama mai wannan hali. Maganinsa ƙa'ida ɗaya ce: sara ɗaya, birgima ɗaya, kuma ba ɗaga hannu ake gocewa ba, saukowarsa ake gocewa. In wani hari ya ƙi kamuwa, ƙirga shi a baki. Ya ɗaga, ɗaya, biyu, mirgina. Bayan 'yan lokuta hannu zai riƙe ƙirgar da kansa.

Kada a manta da tsalle. Harin da yake bin ƙasa, kamar girgizar da Godrick ko Godfrey suke tayarwa in sun doki ƙasa, tsallake shi ya fi birgima sauƙi, kuma kana sama za ka iya saukowa da sara mai nauyi.

Kwaɗayi da kuzari da shan magani

Kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma a nan gaskiyarsa a fili take. Kafar da ta isa sara biyu, mutum ya nemi na uku. An fi yin haka idan jinin bos ya rage ɗan ƙiris, zuciya ta hau bugawa, a yar da duk abin da aka koya a rufe ido a hau sara. A wannan gaɓar ce ya kamata ka ƙara nutsuwa, ka yi kamar jininsa a cike yake. Ga kowace kafa ka yanke adadi tun da wuri: bayan dirar guduma sara biyu, bayan jerin sanda sara ɗaya. In makaminka mai nauyi ne irin manyan takubba, ɗaya ya isa.

Koren layin kuzari shi ne rayuwarka ta biyu. Sara, birgima, gudu da tare duka duk daga cikinsa suke ci. Kada ka taɓa ƙarar da shi a kan hari, ka bar abin da zai ishe ka birgima ɗaya ko biyu. Garkuwa a ɗage tana rage saurin dawowarsa, don haka sauke ta duk lokacin da bos ba ya kawo hari. In kuzari ya ƙare kana tarewa, garkuwar za ta buɗe ka tsaya sororo. Layar Green Turtle Talisman da ke Summonwater Village tana hanzarta dawowarsa, kuma tun farkon wasa ake iya samun ta.

Shan magani yana da lokacinsa. Bosawa da yawa suna mayar da martani da zarar ka ɗaga kwalba: Margit ya jefo wuƙa, 'yan Godskin su jefo baƙar wuta. Guduwa can nesa don a sha ita ce ta fi jawo wannan. Ka ɗauki kurɓin magani kamar sara: kafar da za ka kai hari a cikinta, ita za ka sadaukar ka sha. Ka goce wa jerin harin har ƙarshe, sannan ka kurɓa a kusa da shi yana kan farfaɗowa. Kada kuma ka jira sai jini ya kusa ƙarewa. In abin da ya rage bai fi duka ɗaya ba, magani ne farko a kafa ta gaba.

Karya tsayuwar bos

Bayan layin jini, kowane bos yana da wani ma'auni da ba a nuna maka, na ƙarfin tsayuwarsa. In ka cika shi, sai ka ji wata ƙara, ya durƙusa, wani haske ya bayyana a jikinsa inda za ka matsa ka danna maɓallin sara na R1 ka yi masa mummunar suka. Saran da suka fi cin wannan ma'auni su ne mai nauyi na tsalle, mai nauyi da aka riƙe R2 har ya cika, da ramuwar garkuwa, wato ka tare duka ka danna R2 nan take. Sai dai ma'aunin yana komawa daidai in aka ɗauki 'yan daƙiƙu ba a taɓa shi ba. Shi ya sa 'yan wasa da suka goge suke riƙe wuƙaƙen jifa: in bos ya yi nisa, su jefa masa ɗaya don kada aikin da suka tara ya zube. A gem ɗin Sekiro na 2019 wannan ma'auni a fili yake a kan allo, kuma shi ne gaba ɗaya faɗan: mai ja da baya a gaban Genichiro ba zai taɓa gamawa da shi ba, sai mai matsa masa yana kaɗe saransa.

Sai cututtukan da makami ke sakawa. Zubar jini tana taruwa da kowane sara, in ta cika ta yanke wani kaso na jinin bos a lokaci guda, shi ya sa take da amfani a kan masu jini da yawa. Sanyin ƙanƙara yana cin nasa, ya kuma sa duk dukan da ya biyo baya ya ƙara zafi na ɗan lokaci. Kowace cuta in ta kama sau ɗaya, ta biyu takan fi wuyar kamawa. Kuma ba kowa suke ci ba. Gumakan dutse da Radagon ba su zubar da jini. Mutanen lu'ulu'u, Crystalian, takobi tsalle yake a jikinsu, amma guduma tana fasa su, daga nan su zama kamar tukunyar ƙasa. Dodannin bishiya, Erdtree Avatar, wuta ce maganinsu, ko man wuta da ake shafa wa makami ya wadatar. Rennala tsafi ba ya cin ta sosai, ƙarfe kuwa yana yi mata illa. In ka ga saranka ba ya motsa layin jini, kafin ka zargi matakinka, canza irin dukan.

Kyamara, da masu zuwa su biyu

Kulle kyamara a kan bos yana da kyau ga mai girman mutum. Ga dodanni manya irin dragon ko Fire Giant, kullewar takan ɗaga idonka sama ka daina ganin ƙafafun da za su taka ka. Sake ta, ka juya da hannunka, ka tsaya a inda ya dace. Fire Giant a zagayen farko na faɗan, kafin ya sauya salo, idon sawunsa na hagu ne rauninsa. Kada ka bari a matse ka da bango, domin nan kyamara take shigewa cikin jikin bos.

In su biyu ne, doka ta farko ita ce dukansu su kasance a gaban idonka. Yi amfani da ginshiƙan ɗakin ka raba mai sauri da mai nauyi, kamar yadda ake yi wa Ornstein da Smough a Dark Souls, inda kuma wanda ka bari a raye yake cika jininsa ya gaji ƙarfin ɗan'uwansa, saboda haka tun farko za ka zaɓi wanda kake so ka ƙare da shi. Godskin Duo na Elden Ring barci yana kama su. Tukunyar barci ɗaya ko biyu ta kwantar da ɗaya, ka ji da ɗayan.

Kayan da gem ɗin ya ba ka, yi amfani da su

Akwai masu ganin kiran taimako gazawa ne. Wannan ra'ayi ya hana mutane da yawa jin daɗin wasan da suka saya, kuma ba shi da tushe, domin masu gem ɗin ne suka saka waɗannan abubuwa suka kuma auna faɗan da su. Bayan ka samu dokinka Torrent, koma Church of Elleh da dare, wata mayya mai kiran kanta Renna za ta ba ka ƙararrawar kiran ruhohi da kyarketai uku. Roderika a Stormhill Shack tana ba da Spirit Jellyfish, mai jure duka da saka guba. Amfaninsu ba zafin sara ba ne, raba hankalin bos ne, ka samu sararin shan magani ko saran nauyi ta baya. Kiran ruhohi ba ya ƙara wa bos jini, amma kiran wani ɗan wasa ta intanet yana ƙara masa, don haka abokin da zai mutu a minti na farko ya bar maka aiki fiye da da. Ka kira ruhohin da zarar ka shiga, kafin bos ya iso, ko ka jira kafa ta farko in mai rugowa ne.

Wasu bosawan kuma an ajiye masu takamaiman magani a wani wuri. Margit's Shackle, da wani mai suna Patches yake sayarwa runes 5,000 in ka yafe masa bayan faɗanku a Murkwater Cave, yana danne Margit a ƙasa har sau biyu a zagayen farko, yana kuma aiki a kan Morgott. Rykard an fi yaƙarsa da mashin Serpent-Hunter da ke ajiye a bakin fagensa. Mohg yana da tsinuwar da yake ƙirgawa sau uku ya zuƙe jininka ya cika nasa, Purifying Crystal Tear a cikin kwalbar haɗi yana kashe kaifinta. Rennala a zagayen farko tana cikin ƙwallon haske da ba ya fasuwa sai ka nemo ɗalibai uku masu hasken zinare a ka, ɗaya bayan ɗaya, ka doke su. Radahn kuma yaƙin taron dangi ne: alamun kiran mayaƙa suna warwatse a filin, suna sake bayyana bayan an kashe su, kana kuma iya hawa doki. Da ya ɓace sama a tsakiyar faɗan, kada ka tsaya kallo, zai dawo ne kamar tauraro mai wutsiya, ka zaburi doki ka yi gefe. Karanta bayanin da ke jikin kayan da kake tsinta, yawancin waɗannan asirai a can aka rubuta su.

Malenia

Ita ba dole ba ce, ana gama wasan ba a gan ta ba, amma ta cancanci a tsaya a kanta don tana rushe dabarun da suka kawo ka wurinta. Duk saran da ta same ka da shi yana mayar mata da jini, ko a garkuwa ya sauka. Ke nan ɓuya a bayan garkuwa ciyar da ita ne. A gefe guda kuma ba ta da nauyin tsayuwa, sara mai kyau yana katse ta, zubar jini da sanyi duk suna kama ta. Harin da ya yi mata suna, Waterfowl Dance, yana farawa ne da ta yi tsalle ta tsaya a iska, sannan ta sauko da guguwar sara kashi uku. In kana da ɗan nisa, juya ka ruga da gudu har kashin farko ya ƙare, ka mirgina cikin na biyu, na uku kuma ka bi ta ƙarƙashinta ka wuce ta bayanta. In tana dab da kai ta tashi, tsira tana da wuya, shi ya sa bayan jininta ya fara raguwa ba a daɗewa a jikinta: sara ɗaya ko biyu, a ja. Tukunyar ƙanƙara da aka jefa tana iska tana iya kakkaɓo ta. Zagaye na biyu tana buɗe shi da faɗowa ta fashe kamar fure mai ruɓa jiki. Ka gudu gefe, kada ka yi saurin komawa cikin furen, ka kuma tanadi Preserving Boluses, maganin ruɓar, a gurbin da hannunka zai kai da sauri.

Lokacin da ya kamata ka juya

In ka yi awa ɗaya kana shiga kuma ba ka ganin ci gaba, wato ba ka kai inda kake kaiwa a da ba, gajiya ce ta shigo. Ajiye, ka dawo gobe. Hannu yakan riƙe abin da ya koya bayan an huta fiye da yadda ake zato. In kuma duka ɗaya ko biyu ke kashe ka, saranka kuma ba ya ko girgiza layin jininsa, ba ƙwarewa ce ta gaza ba, wurin ne bai kai lokacinsa ba. Mahayin dokin zinare da ke tsaye a gaban ƙofar farko, Tree Sentinel, don wannan darasin aka ajiye shi: a kewaye shi, a je a yi ƙarfi, a dawo. Sa alama a taswira ka tafi wani kogon.

Duba na'urarka ma. Talabijin da yawa suna jinkirta hoto saboda gyare-gyaren da suke yi masa, kunna yanayin wasa a saitinsu yana rage wannan, kuma a faɗan da rabin sakan ke raba rai da mutuwa bambancin ba ƙarami ba ne. A kwamfuta, rage kyan hoto har motsi ya daidaita ya fi hoto mai kyau da ke sarƙewa.

In ka gano tun farko ka raba makinka ba daidai ba, ba sai ka sake wasa daga tushe ba. Bayan ka kayar da Rennala, kai mata Larval Tear ɗaya ta ba ka damar sake rabon gaba ɗaya. Wanda kuma ya shiga ƙarin wasan Shadow of the Erdtree na 2024 ya ga ana kashe shi da duka biyu duk da matakinsa ya haura ɗari, ya sani can lissafin daban ne: gutsattsarin Scadutree Fragment ne suke ƙara zafin sara da juriyar duka, har mataki 20, kuma a wurin hutawa ake miƙa su. Kafin ka tunkari Rellana ko Messmer, zagaya ka tattaro waɗanda ke gindin alamun Miquella da cikin majami'u tukuna.